Baƙon da ya hana mu barci dare uku

Ƙarfe biyu na dare, cikin ɗarin Janairu, ga ni tsugune a tsakar gida, tocila a hannu, bargo a ka kamar mai zazzaɓi, ina lallashin ɗan kwikwiyon da bai fi kyanwa girma ba. Kuka yake yi, siririn kukan nan mai shiga har ƙwaƙwalwa. Ya yi shiru ka ce ya gaji, ashe numfashi yake tarawa. Daga ɗakin Inna na ji gyaran murya.

"Kai wannan," in ji ta, don ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. "Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Ban ce uffan ba. Ni na ɗauko shi da hannuna.

Raguna ne suka ja mini. Bara, saura mako biyu a yi Layya, aka haura katangarmu aka kwance biyu daga cikin huɗun da na yi wata takwas ina turke da su. Gidanmu yana bakin gari ne a nan birnin Tawa na ƙasar Nijar, inda gine-gine suka fara tsinkewa, bayanmu fili sai gonaki. Ba wanda ya ji motsi. Da safe igiyoyi kawai muka tarar a yanke. Da na ba wani Buzu labari, abokin cinikina ne na shekaru, yana kawo dabbobi kasuwar Lahadi daga wajen Abalak, sai ya yi dariya ya ce gidan da ke da bisashe ba kare ai kasuwa ce ba mai tsaro. Ya ce in karyarsa ta haihu zai ba ni ɗaya.

Karyar irin dogayen nan ce masu siririn ciki da faɗin ƙirji, waɗanda Turawa ke kira Azawak, da sunan kwarin da ya ratsa arewacin jiharmu har cikin Mali. Tun shekarun 1970 aka fara kai su Turai, yau ana baje kolinsu can kamar dawakin sarki, mu kuwa nan muna jifansu da dutse. Uwar ke nan. Uban kuwa, Allah ne masani.

Da ta haihu na ɗoki, na ce a kawo mini ranar Lahadi mai zuwa. Lokacin kwanansu talatin da ƴan kai. Ya girgiza kai ya ce, "Abokina, in ka ɗauke shi yanzu nama ka ɗauka, ba kare ba. Bari ya cika wata biyu." Na zaci jan rai ne, ko da yake ba kuɗi zai karɓa ba, kyauta ce, ni ma shayi da sukari na kai masa na godiya. Daga baya likitan dabbobi ya ba shi gaskiya. Ɗan kwikwiyo yana fara lasar abinci tun yana mako uku ko huɗu, shi ya sa mutane ke ɗauka ya isa yaye, amma har zuwa mako takwas karatu yake yi wurin uwarsa da ƴan'uwansa. In ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi a wasa, wancan zai yi ƙara ya bar masa wasan, uwar kuma ta yi masa gurnani. Nan yake koyon iyakar haƙorinsa. Wanda aka raba da su da wuri, a jikin yaranka zai yi wannan karatu.

Watan jiran ya yi mini amfani, don akwai yaƙin cikin gida. Inna ta ce muddin tana numfashi kare ba zai kore mata mala'iku ba. Na je wurin limamin unguwarmu bayan la'asar na shimfiɗa masa maganar. Ya ce hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da noma, malamai da yawa kuma sun haɗa da tsaron gida in da buƙata. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ƙwaryar da ya sa baki a ciki ana wanke ta sau bakwai. Har ya ba ni labarin wani babban malamin Ƙairawan da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ɗaure. Muka yi dariya. Da na tashi tafiya sai ya riƙe hannuna ya ce, "Amma ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Ranar da ka shigo da shi, haƙƙinsa ya hau wuyanka."

Da wannan na samu kan Inna, bisa sharuɗɗanta: ba ya shiga ɗaki, ba ya taka tabarmar salla, ba ya zuwa kusa da randa ko madafa, kwanoninsa daban, wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu. Na sayo ƙananan kwanoni biyu na shafa musu jan fenti a gindi don kada su ɓace cikin na gida.

Ya iso ranar Lahadi da hantsi, cikin kwali, a motar da ta ɗauko awaki fiye da kilomita 100, ya yi amai ya ɓata jikinsa. A cikin kwalin akwai wani tsumman buhu mai wari kamar me. Uwargida ta ɗauke shi da tsinke za ta kai bola, abokina ya ce a'a, kan shi uwar take kwana, kada a yar, kada a wanke. Yara sun ji yana ce wa irin karen oska da harshensu, suka ce shi ke nan, sunansa Iska. Inna ta ce ba a gidanta za a riƙa kiran iska da magariba ba, kuma in ya girma ya haihu, ƴaƴansa me za a ce da su? Aka koma Guguwa, ta ce ita ma ba ta rasa masu tafiya cikinta. Autata ce ta dube shi kwance a ƙasa, launinsa ya saje da ita, ta ce, "Baba, kamar rairai." Ya zama Rairai.

Kuskurena na farko ban ko zauna ba na yi shi. Kafin in cire takalmi labari ya zaga unguwa, yara sun fi ashirin a tsakar gida, wannan ya ɗaga shi, wancan ya ja wutsiya, wani na yi masa haushi a fuska. Ni kuma ina tsaye ina murmushi kamar wanda ya sayo sabuwar mota. Da ya samu kafa sai ya shige bayan tsohon turmi, tsakanin itacen girki da bango, ya dunƙule yana rawar jiki. Na sa hannu na jawo shi da ƙafa, ya tsula fitsari a hannuna, ya koma. A ranar ya rabu da uwarsa, ya sha jijjigar mota, ya faɗo cikin wari da muryoyin da bai taɓa sani ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in rufe ƙofar gida, in ajiye masa ruwa, in zauna nesa kaɗan har ya fito don kansa. Sai da na kori yaran, gida ya yi tsit, bayan kusan awa uku, sannan ya leƙo da hanci.

Na biyu, tausayi ne ya jawo shi. Ganin bai ci komai ba, na dama masa madarar gari mai kauri, uwargida kuma ta zuba masa sauran shinkafa da miya. Ya lashe tas, muka ce alhamdulillahi. Na uku shi ne makwanci. Na kai kwalinsa can bayan garken raguna, nesa da ɗakuna, wai tunda nan ne wurin aikinsa ya saba tun yau. Dabbar da tun ranar da ta zo duniya ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba, kullum a cunkushe da ƴan'uwa shida, ga gashi ɗan siriri, ga jiki ba kitse, ga hunturu na busowa daga fili. Abin da ya fito da ni ƙarfe biyu na dare ke nan.

Da safe maƙwabcina Alhaji ya tare ni a ƙofar masallaci, shi ma bai runtsa ba. Ya ce, "Ɗana, kana ɓata karen nan. Ka sa masa sarƙa, ya yi kuka ya gaji. Ka yanke masa kunne. Da rana ka kulle shi inda ba ya ganin kowa, mutum ɗaya ke ba shi abinci, ka riƙa barbaɗa masa tonka a ciki. Haka ake yin mugun kare." Na ce to Alhaji, na gode, don ba a musu da babba a ƙofar masallaci. Har na fara auna maganar, gajiya na sa mutum ya karɓi kowace shawara. Sai na tuna karen da shi Alhajin ya taɓa yi wa wannan tarbiyya. Haushi yake daga magariba har asuba, ya yi wa jaki, ya yi wa leda in iska ta ɗauko ta, ya yi wa inuwarsa, har unguwa ta daina juyawa a shimfiɗa in ta ji shi. Ƙarshensa ya ciji jikan gidan aka kai shi daji aka yar. Wannan ba mugunta ba ce, tsoro ne. Karen da bai san abin da yake na kullum ba, ta ina zai gane abin da ba na kullum ba? Ni mai gadi nake nema wanda in ya yi haushi zan tashi, don na san ba ya yi a banza.

Na koma gida na tarar da zawo ko'ina. Na naɗe shi a tsohon zane na hau kabu-kabu sai wurin likitan dabbobi. Ya tambaye ni me ya ci, na lissafa. Da na zo kan miya ya ajiye biro ya ce, "Da albasa?" Na ce Likita, a ƙasar Adar kana tambayar ko miya na da albasa? Mu da Galmi, garin albasa, ke bayan gidanmu? Bai yi dariya ba. Ya ce albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma illar ba ta fitowa nan take, sai bayan kwanaki ka ga ya yi laushi, fitsarinsa ya yi duhu. Ya ɗaga leɓen Rairai ya nuna mini dasashinsa, ya ce muddin yana da ja-ja lafiya lau, in na ga ya yi fari in dawo da gudu. Zawon kuwa, madarar ce da canjin abinci farat ɗaya. Ya ce in tambayi abin da yake ci a can in ci gaba da shi, in zan canza in riƙa haɗawa kaɗan-kaɗan cikin mako guda.

Sauran abin da ya hana sun ba ni mamaki, don duk suna zube a tsakar gidanmu: goro, ganyen shayin da ake zubarwa bayan an gama dafawa, cakulan na yara, ƙashin kaza dafaffe mai tsagewa kamar allura. Ya ja kunnena kan farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane, ya ce kada in kuskura in ba shi da kaina. Da na ce akwai kaska biyu a kunnensa, zan shafa masa piya-piya, sai da ya miƙe tsaye. Ya ce maganin ƙwari irin wannan yana kashe kwikwiyo kafin ya kashe kaskar. Ya sa ɗan ƙarfe ya kama ta daf da fata ya zare a hankali. Allura kuwa ya ce ba yau ba, ba a yi wa mai zawo rigakafi, in bari cikinsa ya tsaya.

Na kira abokina a waya, ya ce kunun hatsi yake sha da ɗan nono mai tsami. Muka koma kan haka. Bayan kwana biyu muka fara murmusa masa dafaffen ƙwai, sai kifin Tabalak da aka cire wa ƙaya, sai guntayen nama daga wurin mahauci, a dafa ba gishiri ba magi.

Dare na biyu na ɗauko kwalin na kawo ƙarƙashin rumfa, daf da ƙofar ɗakina, ta waje, sharaɗin Inna bai karye ba. Na juya bakinsa ya ba iska baya. Na shimfiɗa tsumman uwarsa, na ƙara da tsohuwar rigata da ban wanke ba, na cika gorar roba da ruwan ɗumi na naɗe a tsumma na sa a gefe. Ya shinshina buhun nan, ya zagaya sau biyu, ya kwanta ya manne da gorar. Ya tashi sau uku. Duk tashin da ya yi, sai in ɗauke shi ba magana ba wasa, in kai shi kusurwar da na ware masa, ya yi fitsari, in mayar da shi, in bar hannuna a bakin kwalin har ya yi barci. Ba ƙeta ke tashe shi ba, mafitsararsa ce ƙarama, ba ta riƙe dare guda. Dare na uku sau ɗaya ya tashi. Na huɗu ladan ne ya tashe mu duka.

Abin da ya daidaita shi fiye da komai lokaci ne, kuma ban wahala wurin tsara shi ba, gidan Musulmi da agogonsa. Abinci sau huɗu: bayan asuba, da hantsi, bayan azahar, bayan magariba. Ruwa kuwa ba ya yankewa a kwanonsa. Da ya farka, ko ya gama ci, ko ya gama wasa, sai a kai shi kusurwarsa can bayan garke inda na zuba rairai mai laushi, ɗana babba na kwashewa da shebur kullum safe. In ya yi a wurin, a yaba masa da murya mai daɗi a ba shi ɗan guntun ƙwai. Ranar Laraba ya yi wa uwargida fitsari a tabarmar da take tsince shinkafa. Ta ɗauko muciya ta ce, "Malam, yau ko ni ko shi." Na roƙe ta. In ka doke shi bayan ya gama, ko ka goga masa hanci a ciki kamar yadda ake cewa, bai san laifin da ake hukunta shi a kai ba, abin da zai koya shi ne ya riƙa ɓuya ya yi a inda ba ka gani. Muka wanke tabarmar da omo muka shanya a rana, don in warin ya rage zai dawo wurin. Laifin ma namu ne, ya tashi daga barci ba wanda ya kula.

Barcin ma sai da na yi faɗa a kansa. Kwikwiyo mai wata biyu yana barcin awa 18 zuwa 20 a yini da dare, yara kuma da sun dawo daga lakkwal so suke ya tashi. Na kafa doka: in yana cikin kwali, ba mai taɓa shi, ko ni. In yana ci ma haka.

Ranar Asabar muka koma wurin likita. Ya auna nauyinsa ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya ce a maimaita duk mako biyu har ya kai wata uku, sannan wata-wata har wata shida. Washegari na ga abin da ya fito, dogaye farare kamar taliya, na gane dalilin kumburin cikinsa, na kuma ƙara matsa wa yara kan sabulu, don tsutsar tana iya shiga mutum. Ya yi masa allurar farko ta parbo, cutar amai da zawon jini da ke kashe ƙananan karnuka cikin kwanaki, ƙwayarta kuma tana daɗewa a ƙasa watanni. A cikin allurar akwai ta wata cuta da ya kira ciwon Carré, sunan likitan Faransa da ya gano asalinta a 1905. Na ce ai ko a Hausa sunan ya faɗa daidai. Za a ƙara masa duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai wata huɗu, kafin nan ba yawon titi, ba cuɗanya da karnukan bola. Ya rubuta komai a karne, ɗan littafin rigakafi, ya miƙa mini. Duka kuɗin bai kai na cinyar rago ɗaya cikin waɗanda aka sace ba.

Allurar haukan kare kuwa sai ya cika wata uku, kuma a kan wannan ya zaunar da ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da alamunta sun bayyana, da wuya a tashi. Ya ce in gaya wa yarana, duk karen da ya cije su ko ya yakushe su, ko namu ne, kada su ɓoye don tsoron duka: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar. Na tara su da dare na maimaita musu har suka haddace.

Tunda ba zai fita ba, sai na riƙa kawo masa duniya gida. Likitan ya ce daga mako uku zuwa wajen wata uku ne kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tare da tsoro ba, bayan nan ƙofar tana fara rufewa. Da la'asar ina ɗaukar shi a hannu in zauna a dakalin ƙofar gida, ya ga amalanken jaki, ya ji kabu-kabu, ya ga ɗan ga-ruwa da almajiran da ke zuwa karɓar tuwo, ɗaya bayan ɗaya, ba taro ba. Raguna na gabatar masa ta bayan shinge, babban ya buga ƙafa ya yi huci, Rairai ya faɗi zaune. Kaji kuwa ya kora sau ɗaya, wata kaza mai ƴaƴa ta koya masa abin da ni ban iya koya masa ba. Taunar takalma ce ba mu gama da ita ba, haƙoransa 28 ne kamar ƙaya, kuma an ce sai wajen wata shida ko bakwai zai gama famfara. Na kitsa masa tsumma na ƙulla kamar igiya, da ya kama silifa a karɓe a miƙa masa wannan. Silifan Inna dai ya riga ya tafi, na sayo wani ban bari ta sani ba. Ta sani.

Daren kwana na goma na dawo daga wata ta'aziyya a makare, ƙura ta sa na naɗe fuskata da rawani, idanu kawai a waje. Ina tura ƙofa na ji wani ɗan haushi, siriri, har yana shaƙewa a tsakiya, irin na wanda bai taɓa gwadawa ba. Yana tsaye a bakin rumfa, ƙafafu a ware, gashin bayansa a miƙe. Na sauke rawanin na ce, "Rairai." Ya rugo yana kaɗa wutsiya har yana faɗuwa.

Da na mayar da shi kwalin na haska tocila, sai na ga an ƙara shimfiɗa. Tsohon zanen saƙi ne mai baƙi da fari, wanda na sani tun ina yaro. Da safe na gaida Inna na ce, "Inna, na ga zanenki a waje." Ba ta ɗago daga carbinta ba. Ta ce, "Ya tsufa ne. Kuma ku ƙara masa ruwa, kwanon nan tun jiya rabi ne."